Yatsan Yaya a Benen Majalisa

Yayata tana aiki a majalisar dokoki, amma kada ka ɗauka doka take yi. Aikinta zagayawa da baƙi: 'yan makaranta, manoma, direbobi, duk mai son ganin ɗakin da ake yanke shawara a kansa ba tare da an tambaye shi ba. Ma'aikatan wurin suna kiranta Malama Shiru. Sunan yana ba mu dariya a gida, domin idan Yaya ta buɗe baki ko rediyo sai ya haƙura.

Takan tsayar da baƙi a benen 'yan kallo, ta nuna musu doguwar kujerar da ke gaba, da sandar majalisa, da 'yar gudumar katako. Sai ta ce, "Wancan wurin kakakin majalisa ne. Idan ya hau kujerar nan ba shi da ɓangare. Shi ke ba kowa damar magana, shi ke tsawatarwa, idan kuma aka zo ƙuri'ar murya shi ke sauraron wadda ta fi ƙarfi. Kunnen majalisa ke nan." Ba don albashi take faɗa ba, har zuciyarta ta yarda.

Dokar benen ɗaya ce: ba tafi, ba ihu, ba magana. Wata rana wasu ɗalibai suka yi wa wani ɗan majalisa ihu, shugaban ofishin su Yaya ya kira ta ya ce idan aka ƙara, za a rufe ƙofar benen, ba talakan da zai sake hawa. Tun daga ranar Yaya ta rasa sukuni. Ko tari baƙo ya yi sai gabanta ya faɗi.

Ana cikin haka aka kai wa majalisa shawarar tashin rumfunanmu na bakin tasha, inda nake sayar da zannuwa. Na sami Yaya tana guga na ce ta kai mu mu ji da kunnenmu.

"Ku? Matan bakin tasha? Kashe ni za ki yi?"

"Yaya, ke fa kike cewa gidan nan na kowa ne. Ko mu ba kowa ba ne?"

Ta daɗe tana goge hannun riga ɗaya kafin ta ce to.

Sai da ta ba mu horo. Ta zo kasuwa ta jera mu a benci, ta riƙa jefa mana baƙar magana da gangan: mun tare hanya, mun cika ƙazanta. Duk wadda ta tanka, sai ta ɗora yatsa a leɓe a koma farko. Inna Mai Gishiri, wadda ta girme mu duka kuma ba ta taɓa haɗiye magana ba, ita ta fi ba ta wahala. A ƙarshe Yaya ta durƙusa ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, ba don ni ba, don waɗanda za su zo bayanku. Ƙofar nan kaɗai muke da ita."

Ranar zaman, sanyin na'ura ya cika benen, amma gumi ne ke bin wuyan Yaya. Ta tsaya a ƙarshen layi tana bin bakunanmu da ido. Wani ɗan majalisa ya ce rumfunanmu sun ɓata fuskar gari. Na ji numfashin Inna ya canza, Yaya ta ɗaga yatsa, Inna ta danne. Wata 'yar majalisa ta tashi ta kare mu, hannuna ya yi ƙaiƙayin tafi, na zauna a kansa.

Sai kakaki ya ce masu goyon bayan a tashe mu su ce e. Aka ce e, sama-sama. Ya ce masu ƙi su ce a'a. Ɗakin ya ɗauka, har a katakon benci na ji shi. Na fara murmushi.

Kakaki ya ce masu e sun yi rinjaye. Ya buga guduma.

Wasu 'yan majalisa suka miƙe suna ɗaga hannu, bai dube su ba, ya kira batu na gaba. Mu kuwa ba ƙasa muka kalla ba, gaba ɗaya muka juya ga Yaya. Fuskarta ta yi toka. Bakinta ya motsa, wallahi na ɗauka ita za ta fara ihun. Sai ta ɗaga yatsan nan, ta ɗora a leɓe. Muka yi shiru. Ban taɓa jin haushin 'yar uwata kamar na ranar ba.

A bakin ƙofa shugaban ofishin ya yaba mata, ya ce bai taɓa ganin baƙi masu ladabi irinmu ba. Inna ta jira ya wuce, sannan ta ce, "'Yar nan, kin ji abin da muka ji?"

"Na ji, Inna."

"To shi kunnen majalisar da kike faɗa fa?"

Yaya ta juya ta koma ciki.

An tashe mu. Yanzu a bayan gari nake kasa zannuwana, inda akuya ta fi mai saye yawa. Ƙofar benen tana nan a buɗe, Yaya kuma ba ta fasa aiki ba, sai dai ta rame, hirarta ta ragu a gida. Kwanan baya 'yata ta je da 'yan ajinsu. Da ta dawo na tambaye ta me gwaggonta ta ce game da kakaki.

"Ta ce shi ke ba da damar magana, shi ke tsawatarwa."

"Sai kuma me?"

"Sai ta daɗe tana kallon kujerar, Umma. Sannan ta ce mu ma mu buɗe kunnuwanmu da kyau."