Ranar da na zare wa kwamfutar Yaya igiya

Yaya Sabi'u na fita sallar azahar, na zare igiyar don in tsokane shi.

A shagonsa na tura karatu a waya, nan Ƙanƙara, akwai wata 'yar kwamfuta tsirara, ba ta wuce tafin hannu ba. Memori ya yi ta ƙone mata, sai Yaya ya sa igiya ya jona ta da had disk na waje, wato ma'ajiyar bayanai. Daga cikinsa take tashi. In babu shi, ko alif ba ta sani ba.

Ya dawo ya kunna, allo baƙi ƙirin.

Na ce, "Yaya, kawo in yi mata tofi, mu almajirai aikinmu ne."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a benci, ya ce, "Kai Lawal, karatun marigayi Baba na ciki. Ba ni da shi ko'ina."

Na lallaɓa na mayar da igiyar, ta tashi. Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya ja kunnena har ƙofa.

Da yamma na kawo memori biyu, muka kwafe muryar Baba.

Ku fa, muryar wa kuka bari a waje ɗaya?