Injin Casar Gero na Ƙungiyar Kawuna

Shekarun da na yi ina aiki a sashen noma a Tambuwal, ni ake aikawa ƙauyuka duba ƙungiyoyin gama kai. Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne, da zarar an ji gwamnati za ta raba taki, sai ƙungiyoyi su cika gari. In rabo ya wuce na koma a kan babur, allon suna kawai nake tararwa, wani lokacin ma an rufe kejin kaji da shi.

Wata damina na je suna Fakku, garin su mahaifiyata. Da hantsi na ga kawuna da wasu dattawa suna ɗaure wa shanu garma, suna shawarar gonar wa za a fara. Ashe shanun na su duka ne, kuma sun daɗe a haka.

Na ce, "Kawu, ai ƙungiya ce da ku. Ku yi rajista a Kebbe, ana ba da injin casar gero."

Ya ce, "Ɗana, sa in ya yi ciwo mun san mi muka yi mai. Inji in ya tsaya fa, wa ka tashe shi?"

A ofis ba mu taɓa yi wa kanmu wannan tambayar ba.

Sun yi rajistar, amma kafin injin ya iso sai suka zaɓi ɗayansu, wani magidanci mai gyaran babura, suka tura shi Tambuwal wajen wani makanike. A gidana ya sauka. Kullum da la'asar yakan dawo hannu baƙi ƙirin, ya zana mini cikin inji a ƙasa da tsinke, ni kuwa na yi ta tambaya har abinci ya huce.

A kaka ta biyu injin ya tsaya ana tsakiyar aiki. Da labari ya zo mini na tafi, ina zaton zan tarar an watse. Na sami injin yana ruri, ƙaiƙayi na tashi, mata na jiran layi da dammunan gero.

Kawu ya ce, "Kwana fuɗu munka yi muna sussuka da turmi. Da anka samo sabon bel na inji, wanda munka tura Tambuwal shi da kanai ya ɗaura."

Na tambaye shi ko tallafin ne ya riƙe su. Ya kakkaɓe hularsa.

"Ya rage muna wahala ƙwarai. Amma ni abin da nika gani, tare ya iske mu."

Da na koma ofis na roƙi maigidana ya bar ni na ƙara tambaya ɗaya a takardar rajista: me kuke yi tare kafin yau? Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in gwada. Ƙungiyar farko da na yi wa tambayar a Jabo, shugabansu ya juya ya dubi mataimakinsa, shi ma ya juya ya dubi na kusa da shi.