Zaurena da Akuya

Shekarar nan ta ba ni wuya. Ruwan sama ya kayar da rufin zauren da nake dukanci a Falanko, sai da na sayar da wani sashe na gerona na gyara shi. Da harajin Nasara ya zo, na tambayi mai gari ko za a rage mini, tunda wurin sana'a na gyara.

Ya ce, "Baduku, ina akuyarka take kwana?"

Na ce, "A zauren, ranka ya daɗe."

"To, ai ɗakin akuya ka gyara."

Sauran geron ya tafi haraji. Har yau ina mamaki: ni ke yini ciki, amma kwananta aka duba. Washegari na ɗaure ta gindin aduwa, in ga ko baɗi zauren zai zama wurin sana'ata.