Yadda Baba ya gyara gonar goro

Kakata ta wajen uwa Bayarabiya ce. Da ta rasu, ta bar wa Inna gonar goro a bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege, kuma ita ke nan abin da Inna ta mallaka a duniya. Gonar duhu gare ta. Manyan itatuwa sun yi wa goron rumfa, ruɓaɓɓen ganye har idon sawu, ga 'yar ƙorama da muke yankar ganyen fita a bakinta don naɗe goro.

Baba kuwa jirgi ne ya sauke shi daga Kano, ɗan manoman gero gaba da baya. A wurinsa, gonar da ba a hango ƙarshenta daga bakin hanya ta malalaci ce. Ranar da ya fara shiga, jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida suka zubo masa a wuya. Ya dawo yana susa, ya ce zai gyara wurin.

"Ejo, don Allah Malam, ka bar tururuwan nan," in ji Inna. "Su ke gadin goron."

"Da cizo ake gadi? Ke dai ba ki taɓa ganin gona ba."

Ai kuwa mun ga gona. Ya sare manyan itatuwan, ya share ganye ya cinna wuta, ya babbake gidajen tururuwa. Wuri ya yi fes. Har abokansa yake jawowa daga zango su zo kallo, suna ta sa masa albarka, mutanen da ba su san goro ba sai a baki.

Rana ta samu ƙofa. Ƙasa ta ƙeƙashe, ƙorama ta janye, ganyen fita ya bi ta. Ƙwarin da tururuwa ke cinyewa suka baje kolinsu, ɗan goron da aka tsinka duk sankara, ka fasa ka ga tsutsa. Baba ya zurfafa bincike, ya gano cewa sammu aka yi masa.

Har yau abin yana ci mini rai. Itatuwan goro suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya mutu, Baba ya ce ai ba a yi asara duka ba, an samu na girki. Ya faskara, ya kawo gida da kansa. Inna ta hura wuta da shi ta tuƙa mana tuwo, ta raba wa kowa, ita ba ta ci ba.