Gaisuwa Shafi Guda, Matsala Layi Ɗaya

Har in koma ga Allah ba zan manta watan da na kai ƙarar wata manhajar rubutu wajen masu ita ba. Lokacin ina buga takardu a wani ƙaramin siber, wato shagon intanet, a unguwar Djamboutou, cikin Garwa ta Kamaru, inda fanka ɗaya ke fifita kwamfuta shida. In na dawo gida da la'asar, Baba kan kishingiɗa a tabarma yana ba ni labarin fataucin shanunsa daga Ngong zuwa Ngawundere, ni kuwa ina bugawa a tsohuwar kwamfutar da mai siber ya ara mini. Ciwon ƙirji ya riga ya kama shi, numfashinsa ba ya kai shafi biyu a zama ɗaya. Burinsa kawai jikoki su san hanyar da ya bi.

Baba kuwa ba ya labari sai ya tsarma addu'a da Larabci. Duk sanda na buga addu'ar na adana, sakin layin da ke biye da ita sai ya ɓace. Sau uku ina sa shi maimaita yadda ƙanensa ya rasu a hanya. A na ukun sai ya juya fuskarsa bango. Ranar na tsani kaina.

Da na samo adireshin masu manhajar, sai na rubuta musu da Faransanci yadda muke rubuta wa manya. Na gaishe su, na tambayi iyali da gajiya, na yaba aikinsu, na nemi afuwa. Can ƙarshe na ce akwai ɗan abu kaɗan, amma wataƙila laifina ne. Washegari wani ya amsa a layi biyu: bai gane me ya lalace ba, ga shafin da ke koya yadda ake kai rahoto. Raina ya ɓaci, mutumin nan ko gaisuwata bai amsa ba.

Na dai karanta shafin, na fassara wa Baba. Cewa suka yi a faɗi lambar manhajar, abin da aka yi daki-daki, abin da aka zata, da abin da ya faru, a haɗa da ɗan misali. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ke 'yar nan, kin kai saniya wajen mai magani kina ce masa lafiyarta ƙalau? Ɗaga masa ƙafar ya ga ciwon mana."

Na sake rubutawa ba kwana-kwana, na haɗa da layi uku masu addu'a a tsakiya. Bayan kwana tara gyara ya zo. Na gwada, ko harafi bai ɓace ba. A ƙasan saƙon mutumin ya ƙara da cewa ya ga gaisuwata ta farko, iyalinsa lafiya, yaya jikin Baba?

Da na karanta wa Baba, sai ya ce, "Ashe ɗan mutane ne. Ki ce masa useko, mun gode." Useko godiya ce da Fulatanci.

Mun gama littafin kafin ruwan farko, Baba bai ga kakar shekarar ba. Yau jikokinsa na karanta labarin ƙanen nan cikakke. Ni kuwa tun ranar na gane cewa kunyar da za ta hana ka nuna inda ke ciwo ba ladabi ba ce, don Baba ne ya sha wahalar tawa da ɗan numfashin da ya rage masa.