Turakun Kukar Bayan Gida

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji uku, Inna ta ce garin miya ya ƙare, a hau kukar bayan gida a saro ganye kafin ya tsufa. Ƙauyenmu yana kusa da Dawakin Tofa, gonaki sun matse juna, gero ya fi mutum tsawo. Kuka ba ta hawuwa da runguma, jikinta santsi ne da faɗi, don haka ake kafa mata guntayen turaku na itace, ɗaya sama da ɗaya, har zuwa reshen farko. Ruwan damina yana ruɓar da su daga ciki, shi ya sa duk shekara ake sakewa. A wannan shekarar Baba ya ɗora mini aikin. Na fiƙe guda tara, na kafa biyar na ƙasa, sai na jiyo yara sun fara langa a dandali. Na cusa sauran huɗun a ƙarƙashin rumbu, na ce wa Baba na gama.

Yayana Habu ne ya hau, da ƙaramin gatari a kafaɗa. Ya iya hawa, yana bin abin da Baba yake yawan faɗa mana: "Ƙafa ce ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi." Ina ƙasa ina tattara ganye, bakina ya yi nauyi. Da zai sauko, turke na bakwai ya zare kamar an ciro rogo. Ya faɗo, ya tokare ƙasa da hannun dama. Maɗori ya ɗaure tsintsiyar hannun da karare, amma ta warke a karkace, yatsu uku suka daina lanƙwasuwa. Habu ne mai kyawun rubutu a gidanmu, a allo da a takarda. Bai ƙara riƙe alƙalami yadda yake so ba, ya bar makaranta ya koma kiwon awaki. Ni na wuce, na yi karatu, na zauna a ƙasashe huɗu, na iya ba da haƙuri da Larabci da Faransanci da Turanci, amma ban taɓa ba shi da Hausa ba.

Bara, a wani gari mai sanyi a Turai, jikata Hauwa ta kai ni wani zaure da ake koyon hawan bango. Bangon bai fi tsayin mutum uku ba, an ɗaura masa mariƙai masu launi iri-iri, kowane launi hanyarsa daban, ba igiya, ƙasa kuwa katifa ce mai kauri. Ta sa matsattsen takalmi, ta shafa garin alli a tafin hannu. Na zaci za a fara da hawa. Sai malamar ta tara sababbin zuwa ta koya musu faɗuwa: a sauka a kan ƙafa biyu, a lanƙwasa gwiwa, a mirgina ta baya, a naɗe hannu a ƙirji, kada a tokare. Can gefe wani ma'aikaci yana bin mariƙan da sifana yana gwada kowanne. Na nemi benci na zauna. Hauwa ta ce, "Alhaji, ko sanyi ne?" Na ce mata sanyi ne.

Da na dawo gida na tafi wurin Habu, na same shi yana ba awaki harawa da hannun hagu. Na faɗa masa komai, har da rumbun. Sai ya ce, "Sai yanzu da haƙora suka zube? To da ka faɗa a lokacin, ai da ban hau ba." Ya ce ya yafe, amma bai dube ni ba, kuma bai rako ni bakin mota ba.

Yau an yanka gonakin filaye, an sare kukar, ana sayen garin miya a leda. Jikokinmu suna biya a koya musu yadda ake faɗuwa lafiya, mu kuwa da muka hau kyauta, amanar juna ce kaɗai a ƙarƙashinmu. Ita ce na zare.