Yaya Mai Furanni da Lomar da Ke Tsayawa a Ƙirji

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma, wannan karon kai aka kira, Yaya. Ranar Laraba, bakwai ga watan jiya, da hantsi, matarka ta kira ni a waya ina tsakiyar yankan yadi a shagona. Ta ce ka yanke jiki ka faɗi a lambunka kana ba dashe ruwa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce zuciya ce. Na ajiye almakashin da ke hannuna, har yau ban san inda na ajiye shi ba.

Jama'a sun san ka da Mai Furanni. Ka ƙare rayuwarka kana renon dashen itatuwa da furanni a bakin titi, cikin baƙaƙen ledoji jere reras, kowane da sandar da ka ɗaure masa don kada iska ta karya shi. Idan mutum ya sayi dashe ya mutu a hannunsa, kana ba shi wani kyauta, amma sai ka tsare shi da tambayoyi kamar alƙali: ina ka ajiye shi, da wane ruwa, wa ya ce ka zuba masa na wanki? Itatuwan da yara ke fakewa a inuwarsu a makarantar unguwarmu kai ka dasa, babu wanda ya sa ka. Lokacin da maigidana ya yi doguwar jinya, kai ne kake kwasar 'ya'yana zuwa makaranta a akori-kurarka, suna zaune tsakanin tukwanen fure suna ta murna.

Amma ni ƙanwarka ce, akwai abin da na sani wanda masu sayen fure ba su sani ba. A gidanmu Inna ta kafa doka: wanda ya zama na ƙarshe a kan abinci, shi zai wanke kwanuka. Ta yi haka ne don mu daina wasa a gaban kwano. To kai ka wanke kwanukan gidan nan tun kana ɗan firamare har ka yi gemu. Loma ɗaya sai ka tauna ta kamar ka ba ta haƙuri, ka kora da ruwa, ka dafa ƙirji, ka jira. Ni da nake hadiye abinci kamar ana kora ta, nakan tsaya a kanka ina yi maka waƙar tsiya, kai kuma ka watsa mini ruwan kumfa. Kowa ya ɗauka halinka ne, sanyin jiki.

Akwai kuma atishawa. Duk shekara idan ciyayi da itatuwa suka fara fure, sai hancinka ya ɓalle, idanunka su yi jawur, ka riƙa jero atishawa har maƙwabta su gaji da yi maka addu'a. Mukan ce ga mai furannin da furanni ba sa ƙauna. A waɗannan watannin na fure ne kuma loma ta fi tsaya maka. Inna takan ba ka maganin mura saboda hancin, ta ɗirka maka dundu a baya saboda lomar. Babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa abu biyun nan 'yan gida ɗaya ne.

Sai da ka manyanta, ranar da tsokar nama ta tsaya maka har yawu ya kasa wucewa, aka garzaya da kai asibiti. Wata likita ta zura siririn bututu mai kyamara ta bakinka ta ciro naman, ta kuma gutsuro ɗan abu kamar kan allura daga hanyar abincin don a auna. Da sakamako ya fito ta tambaye ka ko akwai lokacin shekara da kake fama da atishawa. Ka ba ni labari da kanka cewa ka ce mata, "Likita, ni fa da maƙogwaro na zo, hancina na bar shi a gida." Ta yi dariya ta zaunar da kai. Ta ce jikinka ne mai saurin faɗa da abin da ba abokin gaba ba. Wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke taruwa a bangon hanyar abinci su kumbura shi, shekara da shekaru har hanyar ta tsuke. Sau da yawa abinci ne ke tayar da su, irin madara ko alkama, amma yawancin masu wannan ciwo suna da matsalar hanci irin taka, wasunsu kuma ciwon yakan tsananta a lokacin da ƙurar da ke tashi daga fure ta cika iska.

Aka ba ka maganin da ake haɗiyewa, ka rabu da madara, kana kallonmu muna shan shayi fari tas kana ƙunƙuni. Da likitar ta ce ka rage shiga lambu a lokacin fure, ka ce sai dai ta rage maka wani abin. Ka sayi takunkumi ka rufe hanci da baki, ka koma cikin dashenka. Taurin kanka kenan, kuma mun gode wa Allah da ka samu sauƙi duk da haka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Yaya, shi ne Auta, ƙaramar 'yata. Dokar Inna ta biyo ni gidana kamar yadda ta bi duk 'yan'uwanmu. Auta kuwa ba ta taɓa wanke kwano ba, don kullum ita ce ta farkon tashi. Ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. Tana ramewa, kayan da na ɗinka mata suna zama mata buhu. Ni na ce tsirfa ce, yayyenta suka ce gayu take so ta yi. Ranar da ka zo mana cin abincin rana a bana, kai da ita kuna ta musayar atishawa, ka zuba mata ido. Ka ga tana yayyanka nama ƙanana, tana tura burodi gefe, kofin ruwa ba ya barin hannunta. Da ta tashi ka bi ni kicin.

"Yarinyar nan ba ƙoshi take yi ba," ka ce. "Ni na zaɓi in wanke kwano in ci abincina. Ita ta zaɓi ta kwana da yunwa kada a yi mata dariya. Ki soke dokar nan yau, gobe mu je asibiti."

Na buɗe baki zan yi musu kamar yadda na saba, sai na ga idonka ya ciko. A ranar dokar ta mutu a gidana.

Likitarka ta duba ta, ta ce alamu sun yi kama, amma ba za a tabbatar ba sai an zura bututun nan. Auta na jin haka ta ce atafau, ko za ta mutu babu mai sa mata abu a maƙogwaro. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Kai ka zaunar da ita a kan buhun taki a lambunka ka ce, "Ke da ni kawunki za mu je. Ni zan fara shiga, idan na fito da raina sai ki shiga." Ta yi dariya ta yarda. Aka sa rana, sai ajali ya riga ranar zuwa.

Bayan an share makoki Auta ta ce ta fasa. Ina kallonta tana juya cokali a kwano, wuyanta duk ƙashi, tsoro ya cika ni, don na san abin da jira ya yi wa hanyar abincinka. Matarka ce, da nata zafin, ta aiko a kai mata ita. Ta ce mata, "Kin san kawunki ya fi ki tsoron bututun nan? Lokaci-lokaci ake zura masa don a duba hanyar. Lokacin nasa ma bai yi ba. Shi ya je ya roƙi likita ta matso da shi, don kada ki shiga ke kaɗai." Sannan Auta ta tambaye ni yaushe za mu je.

An yi, Yaya. Ciwonka ne, amma likita ta ce an tare shi da wuri, hanyar ba ta tsuke ba. Ta fara shan magani, jiya ma har ƙari ta nema. Abin da nake so ka sani shi ne lokacin da ta farka a ɗakin hutawa, allurar barci ba ta gama sakinta ba. Ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Mama, kira Kawu ki gaya masa an gama, ban yi kuka ba." Na ce mata to, na fita baranda na yi kukan da ita ba ta yi ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sa duk inuwar da wani ya sha a ƙarƙashin abin da ka dasa ta zame maka lada mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da 'yan'uwanmu, da ma'aikatan lambunka da ke ci gaba da ba dashen ruwa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen. Saƙon Auta kuma na rasa ta inda zan isar maka da shi sai ta addu'a. Allah ya kai maka.